Muna son kafa jaridar bango a makarantarmu, ta ina za mu fara?

Ɗan Maigatari:
Assalamu alaikum. Mu shida ne 'yan aji biyu a wata kwaleji a nan Jigawa. Muna son kafa allon da ɗalibai za su riƙa kawo waƙa, gajeren labari da koke-kokensu, irin na ruwa da wuta a ɗakunan kwana. Me ake buƙata, kuma yaya za mu yi kada hukuma ta tsige mana shi?

Malam na Kazaure:
Wa alaikumus salam. Kada ku buga ko ƙusa ɗaya sai kun yi rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai. Galibi za a nemi takardar neman izini, dokokin ƙungiya (shafi biyu ya isa), sunayen shugabanni da lambobin rajistarsu, sai malamin da ya yarda ya zama uban ƙungiya. Ku zaɓi wanda zai zauna ya karanta kowace fitowa kafin a liƙa, ba mai sa hannu ya ɓace ba.

Za ku ji wasu na cewa sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Haka ne, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi don kare haƙƙin wasu, kuma kun yi rantsuwar bin dokokin makaranta. Kwamitin ladabtarwa da littafin dokokin ɗalibai yake aiki.

Yaya Kafinta:
Ƙanena, falankin filawud guda, ƙafa 4 da 8, yana ɗaukar takardar A4 sama da talatin. A yi masa firam da murfin waya ko gilashi, a sa kwaɗo. Kada ya kalli gabas, don hadarin damina daga can yake tasowa, ku samu baranda kusa da famfo ko wajen cin abinci. Ku yi amfani da fil, ban da sitaci, gara yake kirawowa. Bugun inji mai tawadar ruwa yana zuba da zarar ya ji danshi, na hotokwafi ba ya yi. Kuma ku mayar da rubutun PDF tun a waya, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ na iya fitowa akwati-akwati a kwamfutar shago.

Anti Ringim:
Abin da ke kashe irin wannan allo habaici ne. Duk rubutun da ba suna ku ƙi shi. Mai son sakaya sunansa ya sakaya a bango, amma edita ya san shi. Koke kuwa a rubuta shi da rana da wuri: famfon ɗaki kaza ya kwana tara ba ruwa, mun tambayi ofishin ayyuka, ga amsarsu. Wannan ba mai iya cewa ƙazafi ne. Hoton ɗaliba ba da izininta ba, ko don yabo ne, ku bar shi, domin cikin minti biyar wani zai ɗauka ya watsa a WhatsApp har ya isa gidansu.

Ɗan Maigatari:
Mun gode. Kowane mako za mu riƙa fitarwa ke nan?

Anti Ringim:
A'a, mako biyu-biyu. Mutum shida ba za su jure mako-mako ba in gwaji ya matso. Lokacin zaɓen ƙungiyar ɗalibai kuma, ko ku ba kowane ɗan takara shafi ɗaya daidai wa daida, ko ku hana kowa.