Yaya ake gane lambar wuyan soja ta asali?

Maitarihi:
Salam jama'a. Wani ya min tallan lambar wuya ta sojan Amurka, wai ta yaƙin duniya na biyu ce, sai ƙyalli take yi. Dan Allah me zan duba kafin in biya?

Baban Khalifa:
Wslm. Ƙyalli ba matsala bane, da yawansu da ƙarfen da baya tsatsa aka yi su. Duba gefe ɗaya akwai ɗan tsagi, sannan lambar sojan ƙasa yawanci alƙaluma 8 gare ta, wanda aka ɗauka dole tasa da 3 take farawa (wasu kuma da 4), zaka ga T42 ko T43 wato shekarar allurar tetanus, da rukunin jini. In kaga T44 kuma ga adireshin dangi to ka tsaya kayi tambaya, a 1943 suka daina sawa.

Yar Katsina:
Ta kakanmu da yaje yaƙin Bama (Burma) fa ba ƙarfe bace sam.

Baban Khalifa:
Haka ne Hajiya, tsarin Ingila kenan, guda biyu, ja zagayayya da koriya mai kusurwa 8. Ki adana ta da kyau, kar ki sayar.

Maitarihi:
Nagode yallaɓai, bari ya turo min hoton gaba da baya tukunna.