Sau biyu ina faɗuwa a zagaye ɗaya na intabiyu, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu rubuta manhaja. Don Allah ina neman shawararku, abin nan ya tsaya min a rai.

Shekarata huɗu ina aiki da yaren rubuta manhaja na Python a Kano. Sau biyu ke nan wani babban kamfanin fasaha na ƙasar waje yana gayyata ta intabiyu ta bidiyo, kuma a wuri ɗaya nake tuntuɓe: zagayen da ake ba ka matsala ka warware cikin minti 45, kana rubutu mai tambaya yana kallo, kana kuma faɗa masa abin da ke ranka.

Ba ƙarancin atisaye ba ne, na warware tambayoyi sama da 200 a LeetCode, shafin atisayen irin waɗannan tambayoyi. In ni kaɗai ne a ɗaki, lafiya lau. Amma da zarar an ce in haɗa rubutu da bayani da Turanci, sai kaina ya kulle. Karon ƙarshe tambayar ta neman hanya mafi gajarta ce, na san dabarar Dijkstra ake so, wato sananniyar dabarar warware irin wannan matsala, amma na yi tsit kusan minti goma. Da mai tambayar ya tambaye ni Big O na amsar, wato ma'aunin yadda lokacin aikinta ke ƙaruwa in bayanai sun ƙaru, a daburce na ba shi.

An ce in sake nema bayan wata shida. Waɗanda suka tsallake wannan mataki, yaya kuka saba da yin tunani da baki? Kuma laifi ne in roƙi minti biyu in yi shiru kafin in fara, ko rage maki ake yi?