Bincike kan karatu da rubutu a darasin kimiyya, akwai makoma?

Ɗan Garwa: Salam jama'a. Ina koyar da SVT, wato kimiyyar rayuwa da ta ƙasa, a lise (sakandare), yara sun gane abin in na faɗa da Hausa ko Fulatanci amma su rubuta da Faransanci sai a hankali. Ina so in yi bincike a kai har doktora, ta ina zan fara?

Malama daga Marwa: Ƙanena nemi masta a fannin didaktik, wato dabarun koyarwa. ENS ta Marwa, babbar makarantar horar da malamai, tana nan tun 2008. Fara tara takardun jarrabawar ɗalibanka yanzu, a nan za ka ga inda kalmomi ke kayar da su.

Baban Ummi: Kar dai ka saki aikinka malam, doktora ba albashi, kuma kafin a ɗauke ka asistan, wato ƙaramin malamin jami'a, akwai jira.

Ɗan Garwa: Na gode Yaya, takardun suna nan cike da kwali.