Saniyata mai ciki tana ta ramewa, don Allah ku ba ni shawara

Maman Yara, Ɗorayi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba saboda saniyata. Bunaji ce, na saye ta tana karsana a kasuwar Wudil da kuɗin gadon mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, har sai da na haɗa da ɗan kunnena. Maigida bai so ba, ya ce wa yake kiwon saniya a tsakiyar gari, yayata kuma ta ce in sayi fili. Na dage. Bara ta haihu, maraƙin yana nan yana tsotso, nononta yarana suke sha, ragowar in kafa kindirmo in sayar wa maƙwabta. Yanzu ciki na biyu ne, ina jin wata bakwai ko ya ɗan ɗara. To ga shi tana ta zubewa, haƙarƙarinta ana ƙirgawa, ta rage tuƙa, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura luɓus, in na danna sai yatsa ya lotsa. Wani mai magani ya yi mata allura biyu shekaranjiya. Me zan yi?

Alhaji Mai Shanu: Wa alaikumus salam. Hajiya, ciwon hanta ne, babu tantama. Shekarata talatin ina harkar shanu, kumburin haɓa hanta ce kawai. Ki sayi albendazol, maganin tsutsa na shanu, ki ɗura mata, ki jiƙa mata kanwa. Sati ɗaya za ki zo ki yi mini godiya.

Uwar Biyu: Allah Ya ba ta lafiya. Ni dai leda nake zargi. Haka tunkiyata ta yi, ciki ƙato, jiki ba nama, muka yi ta banka mata magani. Da aka yanka, mahauci ya zaro leda a murɗe kamar gammo, har da igiya. Kuma duk maƙwabta ne, su sha fiya wata su wurgo ledar ta katanga, ka yi magana a ce ka cika fitina. Har yau ba ma gaisawa da matar gidan.

Maman Yara, Ɗorayi: A'a 'yar uwa, gidana babu leda, sau biyu nake share turkenta. Ba ta yawo. Yarona ne dai yake yanko mata ciyawa a bakin kududdufi, wani lokaci ya ja ta can ta sha iska.

Alhaji Mai Shanu: Kun ji ko? Bakin kududdufi! Ba na faɗa ba?

Ɗalibar Likitan Dabbobi: Anti, wace allura aka yi mata? Wannan ya fi komai damuna. In akwai dexamethasone, wani maganin rage kumburi, a ciki, tana iya sa saniya mai tsohon ciki ta zubar ko ta haihu lokaci bai yi ba. Baba Alhaji yana da hujja, tsutsar hanta a jikin dodon koɗin bakin ruwa take girma, ta maƙale a ciyawa. Amma kumburin nan alama ce ta ƙarancin furotin a jini, kuma tsutsar ciki, da leda, da yunwa duk suna kawo shi. Ki ɗebi kashinta sabo ki kai asibitin dabbobi na Gwale a duba. Sannan cikin saniya kamar kwana 283 ne, ɗan ya fi girma a wata ukun ƙarshe. Ana daina tatsa saura kwana 60 ta haihu. Ita kuwa baki uku take ciyarwa: na ciki, da maraƙi, da ku.

Ɗan Fulani: Yarinyar nan ta yi gaskiya. Yaye maraƙin, Hajiya. Ki ƙara mata harawa da ƙuli-ƙuli ko irin auduga, dusa kaɗai ba ta riƙe mai ciki. Kuma ki riƙa dafa nonon. In ta yi ɓari kada yara su taɓa ɗan ko mahaifar da hannu, bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari, yana kama mutum. Mu da aka cinye mana burtali da gine-gine ma haka muke lallaɓawa, buhun harawa yanzu sai mai hali.

Alhaji Mai Shanu: 'Yata, kafin a haife ki nake ɗura wa shanu magani. Kafin a gama gwaje-gwajenku saniya ta kwanta. Hajiya, yi abin da na ce.

Ɗalibar Likitan Dabbobi: Baba, ban ƙi ta taka ba. Albendazol a kwana 45 na farkon ciki aka fi hana shi, ita ta wuce nan. Amma ba a ba da shi da ka, sai an kimanta nauyinta, kuma nonon ba ya shayuwa na wasu kwanaki bayan an ba ta.

Maman Yara, Ɗorayi: Na gode muku duka. Amma maganar daina tatsa, wallahi da kuɗin kindirmon nake sayen dusarta, in na daina me za ta ci? Kuma ba yunwa ba ce, ni da kaina nake dama mata dusa safe da yamma. Allurar kuwa ban ga kwalbar ba, a aljihu ya zo da ita. Na kira shi sau huɗu bai ɗauka ba. Ɗazu na ga wani farin ruwa mai yauƙi yana ɗiga ta bayanta, shi ma na hantar ne?