Yaron da ke kwance rediyo: a tura shi ajin kimiyya?

Uba daga Gusau: Assalamu alaikum. Ɗana yana aji 3 na ƙaramar sakandare, kuma babu rediyo ko fitilar cajin da ke tsira a gidan nan, sai ya kwance ya ga abin da ke ciki. Shin wannan ya isa in tura shi ajin kimiyya?

Malama daga Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam, Alhaji. Son sanin yadda abu ke aiki alama ce mai kyau, amma abin da na fi dubawa a ɗalibaina shi ne haƙuri, wato yaron da lissafi zai ƙi masa, ya goge ya sake farawa har sau uku bai gaji ba. A lura ko yakan mayar da abin da ya kwance.

Ɗalibi daga Aliero: Baba, a duba ƙoƙarinsa a lissafi tun yanzu, domin mai neman karatun injiniya sai ya rubuta Turanci, lissafi, fizis da kemistiri a jarrabawar JAMB. Ni dai gyaran injin ban ruwan mahaifina ne ya kawo ni jami'ar kimiyya da fasaha da ke nan Aliero.

Uba daga Gusau: Yakan mayar, Malama, sai dai kullum noti ɗaya ko biyu na saura a kan tabarma.