Tsohuwar jami'armu ta Katolika na neman gudummawa: a wace jaka zan saka?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya, kuma na fi son jin ta bakin waɗanda suka san harkar kuɗin makarantu.

Karatun lissafin kuɗi na yi a wata jami'ar Katolika, can ƙasashen bakin teku. Ni Musulmi ne, haifaffen unguwar Birni a Damagaram, kuma ba ni kaɗai ba ne mai salla a ajinmu. Ina shekara ta biyu Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa. Har na fara haɗa kaya zan dawo gida, sai ofishin ɗalibai ya kira ni aka ce an ɗauke mini rabin kuɗin makaranta har in gama. Wanda ya biya, ban san shi ba har yau.

To yanzu jami'ar za ta yi bikin cika shekaru da kafuwa, sun turo takarda a rukuninmu na tsoffin ɗalibai a WhatsApp suna neman gudummawa. Jaka uku suka yi: ta bursi ga yara marasa ƙarfi, ta gyaran makaranta (ɗakin karatu, ɗakunan kwana, farantan hasken rana), sai ta uku da suka ce "inda aka fi buƙata". Mutum na iya biya lokaci guda, ko ya ɗauki alkawarin shekara 3.

Abin da zan iya shi ne jikka 10 a wata. Uwargida ta ce ɗan yayata na nan jami'ar Damagaram, wata rana ko kuɗin kabu-kabu ba ya da shi, me zai kai ni aika kuɗi wata ƙasa? Maganarta ta tsaya mini a rai. To jikka 10 ɗina na da wani tasiri cikin miliyoyin da suke nema? In zan ba da, wace jaka? Kuma zan iya lissafa shi cikin zakka?

Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam abokina. Tunda kai ma ɗan lissafi ne, bari mu yi shi da alƙalami.

Abu na farko da za ka tambaye su: jakar bursin nan, kashe ta za a yi kai tsaye, ko ajiye ta za a yi ana cin ribarta? Manyan jami'o'in Amurka ajiyewa suke yi, su juya kuɗin, su cire kamar kashi 4 zuwa 5 cikin 100 kowace shekara. Mu ɗauka kuɗin makaranta jikka 600 ne a shekara, misali kawai. Kafin ribar ta biya wa yaro guda, sai an ajiye miliyan 12. Kai kuma cikin shekara 3 jikka 360 za ka tara, ribarta jikka 18 a shekara. Ko kuɗin littattafai ba za ta kai ba. Amma in kai tsaye ake kashewa, ku biyar masu ba da jikka 10 a wata kun ɗauki nauyin yaro guda cif. Ka ga bambancin. Mai ƙaramin ƙarfi, tasa jakar ita ce wadda ake kashewa bana.

Na biyu, kada adadin da suka rubuta ya tsorata ka. A irin wannan gangami, kafin a buga ganga an riga an zaga manyan masu hannu da shuni a asirce, sau da yawa an samu babban kaso na kuɗin. Ku tsoffin ɗalibai, yawanku ake so. In shugaban jami'a ya je wajen wata gidauniya a Turai, tambayar da ake yi mishi ita ce mutum nawa cikin yaranku suka saka hannu. Sunanka a jerin nan na jawo kuɗin wani.

Bikin cika shekaru kuwa daɗaɗɗiyar dabara ce, ba su suka fara ba. Jami'ar Katolika ta Luben a Beljiyam, da aka kafa a 1425, ta yi bikin shekara 600 a 2025, su Lil da Paris da Anje na Faransa kuma duk ƴan 1875 ne. Sai dai a Faransa mai ba da irin wannan kyauta ana rage mishi kashi 66 cikin 100 na abin da ya bayar daga harajinsa. Kai ba mai mayar maka da ko dala. Namu na yankin nan yara ne: UCAO, wato Jami'ar Katolika ta Afirka ta Yamma, mai rassa a Abijan, Bobo, Kwatano, Lome da Bamako, a 2000 bishop-bishop na Afirka ta Yamma suka kafa ta. Irin waɗannan makarantu mafi yawa da kuɗin da iyaye ke biya suke rayuwa, shi ya sa bursi ke yi musu wuya.

Jaka ta uku, ni dai ba na saka wa. Ba don ina zargin kowa ba, sai don ba ta da bakin da za ka kama ka ce ina aka kwana. Kuma ka biya a asusun jami'a na banki, ka karɓi resi. Kada ka tura ta salula zuwa lambar wani ɗan ajinku, komai amincinku.

Almajirin Garin Malam:

Malam Ɗan Birni, Allah ya jiƙan mahaifinka. Kan zakka, ka raba abu biyu. Mutum takwas ɗin da ake ba zakka an lissafa su a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a gina makaranta ko masallaci da ita, balle ka zuba ta jakar da ba ka san hannun da za ta faɗa ba. Zakkarka ka fitar nan gida, ka damƙa hannu da hannu.

Kyauta da sadakar ganin dama kuwa ƙofarsu na da faɗi. Ka duba aya ta 8 a Suratul Mumtahana kan kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku ba. Kuma an yi maka alheri lokacin da kake cikin ƙunci, rama alheri koyarwar addini ce. Abin da zan ce ka kula da shi, in cikin aikin gyaran akwai ginin wurin ibadarsu, to ka rubuta ƙarara cewa naka na karatun yara ne. Ni almajiri ne, ka ƙara tuntuɓar malaminka.

Abin da Mai Lissafi ya ce na ajiye uwar kuɗi a ci amfaninta, ai wakafi ke nan, mu muka sake shi. Ƙarawiyyin ta Fas mace ce ta gina ta da gadonta a 859, kuma wakafi ne ya riƙe ta ɗaruruwan shekaru. In dai juyawar ba ta ruwa ba ce, ba laifi.

Mushe Mai Ritaya:

Ɗana, matarka ta fi ku duka gaskiya. Jami'armu ta nan sai 2010 aka kafa ta, wadda yanzu ke ɗauke da sunan marigayi André Salifou. Yaran Magarya, Tanut, Gure da Matamai duk nan suke tururuwa bayan bak, wasu su shida a ɗaki ɗaya na haya. Waccan makarantar tana da coci a bayanta, tana da abokai a Turai. Ɗan yayarka wa yake da shi in ba kai ba?

Kuma ku daina raina gini, kai da mai lissafinka. Na yi aikin koyarwa a ajin zana, inda damina na sauka karatu ya tashi. Bursi yaro guda yake ɗauka. Shato guda na ruwa, ko makewayi mai ƙofa, ko kuran da ba ya ɗaukewa lokacin jarabawa, na kowa ne har wanda ba a haifa ba. Mu mutanen Damagaram da muka san layin jarka a watan Afrilu bai kamata a koya mana darajar famfo ba. Ƴan mata nawa ne suka bar lakkol saboda rashin makewayi kawai? Ba mai son ya ba da kuɗin masai, don ba a liƙa sunan mutum a jikinsa.

Maman Grace:

Baba Mushe, ina gaisuwa, amma a nan ban bi ka ba. Ni Kirista ce, nan aka haife ni, kuma wannan magana ta "suna da Turawa a baya" ta daɗe tana cutar da makarantun mishan. Mu a nan ƙarƙashin bishop ɗin Maraɗi muke, ba mu da yawa, kuma kuɗin waje ba kamar da ba ne. Kowa ya san abin da ya faru a garin nan a Janairun 2015, lokacin da aka ƙone coci-coci da makarantar mishan. Da aka zo tayar da abin da ya ƙone, na ga iyayen yara Musulmi cikin masu kawo taimako, don yaransu su ne mafi yawa a azuzuwan.

Ƙanena Ɗan Birni, rabin kuɗin da aka ɗauke maka, mai yiwuwa irin jikka goma-goman nan ne aka tara. Ka rubuta musu ka tambaya ko za a iya ware naka ga yaro ɗan Nijar. Makarantu da yawa na karɓar sharaɗi irin wannan in an rubuta tun farko. Ka kuma nemi su riƙa turo rahoton shekara: yara nawa aka ɗauka, nawa aka kashe.

Ɗan Birni:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Baba Mushe, na ji, ɗan yayata zai samu jikka 5 duk wata, kuma zakka tana gida kamar yadda Malam ya ce. Sauran jikka 5 jakar bursi za ta, in sun tabbatar mini kai tsaye ake kashewa. Mai Lissafi, da wannan rabon lissafinka ya koma mutum goma maimakon biyar. Na sami biyu cikin ƴan ajinmu, ɗaya a Yamai ɗaya a Tawa. Wace hanya ce ta fi sauƙin caji in za mu tura a dunƙule duk wata uku, banki ko kamfanonin aika kuɗi?