Me za mu kira “espressionismo” da Hausa? Duba ta zanen Renato Guttuso

Malamai da sauran masu sha'awar harshe, kalmar da nake so mu tsayar a yau ita ce wadda Italiyawa ke kira “espressionismo”, sunan salon zane mai fifita abin da mai zane ke ji a zuciyarsa a kan abin da ido ke gani, wanda ya yi ƙarfi a Jamus tun daga ƙungiyar Die Brücke da aka kafa a Dresden a 1905. Tun da suna ba ya zama daidai sai an ga mai shi, zan auna sunayen Hausa da za a iya ba shi da aikin Renato Guttuso, mai zane ɗan Italiya wanda aka haifa a Bagheria ta tsibirin Sisili a 1911, ya kuma mutu a Rum a 1987.

A 1972 Guttuso ya kammala babban zanensa na jana'izar Palmiro Togliatti, shugaban jam'iyyar kwaminisanci ta Italiya da ya mutu a 1964, zanen kuma yana birnin Bologna. Fuskokin masu makoki ya bar su fari da baƙi, sai jajayen tutoci da suka rufe taron, sannan ya saka fuskar Lenin, jagoran juyin juya halin kwaminisanci na Rasha, har sau da yawa a cikin jama'ar, alhali Lenin ya mutu tun 1924. Babu idon da ya ga haka ranar jana'izar. Abin da ke kan ƙyallen shi ne yadda ranar ta zauna a zuciyar mai zanen, wanda shi kansa ɗan jam'iyyar ne har ya zama sanata a ƙarƙashinta a 1976.

Saboda haka “zanen bayyana ra'ayi”, wanda ya fi saurin zuwa baki, bai gamsar da ni ba, domin Bahaushe yana jin ra'ayi sai ya tuna siyasa da muhawara, kuma duk mai zanen barkwanci a jarida ra'ayinsa yake bayyanawa. “Zanen shauƙi” ya fi daɗin faɗi, amma shauƙi a wurinmu ya karkata ga bege da soyayya, ba zai ɗauki zane-zanen da Guttuso ya yi kan kisan mutum 335 da sojojin Jamus suka yi a Fosse Ardeatine da ke birnin Rum a 1944 ba.

Wanda ya fi ba ni wahalar turewa shi ne “zanen zuci”, don gajere ne kuma yana da 'yan uwa irin su zancen zuci. Matsalarsa ita ce yana nuna abin da mutum ya raya kawai, ba shi da tushe a zahiri. Guttuso kuwa abin da ke gabansa yake zanawa. A zanensa mai suna La Vucciria na 1974, mai mita uku tsawo da mita uku faɗi, wata kasuwar birnin Palermo na Sisili ce da kifinta da ƙwai da ganyayyaki, ga ɓarin naman shanu a rataye mahauci yana yanka, ga wata mace cikin farar riga ta juya baya tana ratsa siririyar hanya. Duk akwai su a kasuwar, sai dai ya cunkusa su, ya tsananta launi, ya ɗora kaya bisa kaya har mai kallo ya ji kamar za su rufto masa.

Shawarata ita ce “salon amayar da zuci”. Muna cewa wane ya amayar da abin da ke cikinsa idan ya faɗi duk abin da ke damunsa ba tare da kwaskwarima ba, kuma wannan ƙarfin ne sauran kalmomin suka rasa. Na san wasu za su ce kalmar tana da ƙyanƙyami a kunne, amma salon ma bai taɓa neman ya yi kyau a ido ba. Tana kuma juyuwa cikin jimla ba tare da tilas ba: “masu salon amayar da zuci na Jamus”, ko “Guttuso ya haɗa zanen zahiri da salon amayar da zuci”. Ita zan riƙa amfani da ita a rubutuna daga yanzu.